Tsatsa Ta Huda Dokin Ƙofar Tsohuwar Land Cruiser: A Toshe da Fila Ko A Yanke?

Tambaya: Wani manomi daga Sakkwato ya ce yana da Land Cruiser ƙirar 80, ta shekarar 1996, 'yar Kwatano, yana shiga da ita fadamun Wurno da Goronyo rani da damina. Ƙarfen da ke ƙasan ƙofofinta, wato dokin ƙofa, wanda ya taso daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, ya fara kumbura, gefen direba ma har ya huje ana zura yatsu biyu. Wani fanel bita ya ce zai toshe masa da fila, wato kwaɓin da ake shafawa a jikin mota ya daskare, ya fesa fenti a yini guda. Yana tambaya ko ya yarda, in kuma a'a, yaya ake gyaran ƙwarai.

Amsa: Malam, kada ka yarda da fila. Ramin da yatsu biyu ke shiga maganinsa yanka da walda ne, kuma zan yi maka bayanin dalili, domin in ka gane yadda wurin yake, babu mai sake ruɗa ka.

Dokin ƙofar mota ba falle ɗaya ba ne. Dogon akwati ne rufaffe: akwai fallen waje da kake gani da fenti, akwai fallen ciki da ke haɗe da daɓen mota, sannan a wuraren da ginshiƙan ƙofa suka sauka akwai ƙarin ƙarfe a tsakiya. An haɗa fallayen a sama da ƙasa da ɗigon walda na kamfani, kuma a leɓen ƙasa an bar 'yan ƙananan kafofi don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Duk matsalar daga kafofin nan take farawa. Da zarar sun toshe, ruwa da laka sun sami wurin kwana, tsatsa sai ta fara ci daga ciki, kamar yadda gara ke cin azara: kafin ka ga alama a waje, ciki ya daɗe da lalacewa. Saboda haka kumburin da kake gani a fenti matakin ƙarshe na ɓarnar ne. Abin da ya lalace a ciki yakan ninka abin da ido ke gani sau biyu ko uku.

Za ka iya cewa ai Sakkwato busasshen gari ne, ina mota ta samo tsatsa? Yawanci da ita ta zo. A Turai da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙasan mota ya zauna shekara da shekaru. Da ta iso nan sai muka ƙara mata namu. Ƙurar hunturu ta cika akwatin, lakar fadama ta liƙe kafofin, damina ta jiƙa su, kuma laka ba ta bushewa da wuri a rufaffen wuri ko da ana kwalla rana a waje. Kai da kake noma akwai ƙarin abu guda: takin zamani. Yuriya da NPK suna jan danshi kuma suna cin ƙarfe sosai. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota, aka wanke da ruwa, ruwan ya gangara ƙarƙashin kafet zuwa dokin ƙofa, to an shuka tsatsa ke nan. In kuma motarka mai tagar rufi ce da ake buɗewa, duba siraran tiyo da ke sauko da ruwan rufin ta cikin ginshiƙan gaba, don a irin waɗannan motoci sau da yawa cikin dokin ƙofar suke zubarwa.

Ita kuwa fila, an yi ta ne don daidaita ɗan lotsawa a kan lafiyayyen ƙarfe. Tana shan ruwa in ya same ta ta baya, kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar komai. In aka cusa raga ko tsumma ko kwali a ramin aka shafe, zai yi kyau wata biyu ko uku. Damina ɗaya za ta kumbura shi, girgizar hanyar gona ta tsaga shi, kuma ramin da za ka tarar a ƙarƙashi ya fi na da girma.

Kafin ka kashe ko sisi a kan dokin ƙofa, a ɗora motar kan rami ko gadar wanki a duba shasi. Ƙirar 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, jikinta daban shasinta daban, haka Hilux da Patrol da Pajero ta shekarun 1990. A irin waɗannan shasi ne ke ɗauke da inji da ƙafafu, shi ya sa motarka ke tafiya lafiya duk da ramin. A wanke lakar ƙasa tas, a ɗauki ƙaramar guduma a bi shasin daga gaba har baya ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo na zubowa. A fi mai da hankali kan gindin hannuwan da ke riƙe da aksul na baya, da mazaunin sifirin, da sandar da ta gitta can baya, da kunnuwan da jikin mota ke zaune a kansu bisa roba. In guduma ta shige a ɗayan waɗannan wurare, shi ne aikin farko, kuma a nan ne za ka yi lissafi ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Masu RAV4 ko CR-V ko Cherokee ko Pajero ta 2000 zuwa sama su sani cewa tasu ba ta da shasi daban, dokin ƙofar yana cikin ƙashin bayan motar, don haka hujewarsa hatsari ne kai tsaye. Ko a taka motar ma dokin ƙofa ba ado ba ne: ginshiƙin tsakiya, inda bel ɗin kujera yake ɗaure, a kansa yake tsaye, kuma dokin ne ke tare ƙafar fasinja in aka bugi mota ta gefe.

In shasi lafiya, sai a gano iyakar ɓarnar. A cire matakala ta gefe, da robobin da ke rufe bakin ƙofa, da kujeru, a ɗaga kafet har tsakiyar mota. A bi dokin ƙofar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ya shafa fila a can baya. A sa burushin waya a giranda a kankare fenti har ƙarfe ya fito, sannan a bi da sukundireba ana dannawa da ƙarfi. Kada ka ji tausayin motar a nan. Duk inda ya shige, dama can ya mutu. A zana layin yanka da alli ko maka, santimita 3 zuwa 5 bayan wurin ƙarshe da aka ga ƙarfe ya sirance ko ya yi ɗigo-ɗigon rami.

Yanzu maganar wuta, kuma ina roƙonka ka tsaya a kanta da kanka. A cire kan batir duka biyu. Wayoyin mota suna bi ta gefen dokin ƙofa a ƙarƙashin robar taka ƙafa, a janye su nesa. A leƙa ƙasa a ga inda bututun mai da na birki suka bi, da inda tanki yake, a kare su da fallen ƙarfe da jiƙaƙƙen bargo, in yanka zai zo daf da tanki kuwa a sauke shi gaba ɗaya, musamman in motar mai fetur ce. Baƙin abin nan mai kama da kwalta da ke manne a daɓen mota yana kamawa da wuta, a kankare shi kamar taƙi ɗaya daga inda za a yi walda. A rufe gilasai, don tartsatsin giranda yana nutsewa cikin gilashi ba ya fita. A maƙala wayar at ta injin walda, wato wadda ake damƙawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aiki, a kan tsiraran ƙarfe, kada wutar ta zagaya ta cikin boris da wayoyi. Mutum ɗaya ya zauna yana kallon cikin motar da abin kashe gobara a hannu duk lokacin da ake walda, kuma kada a watse sai an yi rabin awa da gamawa, domin wutar da ke cin soso a ɓoye ba ta nuna kanta nan take.

Abin da fanel bita da yawa ke tsallakewa shi ne tokare jiki kafin yanka, kuma shi ke sa ka ga ƙofa ta daina rufuwa bayan gyara. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kan tayoyinta, ko a kan turaku a ƙarƙashin shasi, ba a kan jak ɗaya a karkace ba. A auna tazarar da ke tsakanin kowace ƙofa da jiki a sama da tsakiya da ƙasa, a auna faɗin bakin ƙofar da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta. Sannan a ɗauki fayif mai kusurwa huɗu na milimita 25 a ɗiga masa walda daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya, wani daga na tsakiya zuwa na baya, ta cikin mota, yadda ƙofofin za su ci gaba da rufuwa. A bar ƙofofin a maƙale, don su ne ma'aunin da za a riƙa gwadawa da shi. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, saboda wanda ba a yanka ba shi ne abin kwaikwayo.

A yi yankan da siririn faifai na milimita 1, ba da wutar kabaid ba. A leɓen sama da na ƙasa, a nemo ɗigon waldar kamfani a huda su ɗaya bayan ɗaya da bakin huda na milimita 8, falle na sama kawai, sannan a raba da siririn kurfi. In aka fizge da ƙarfi ana yaga leɓen da za a liƙa sabon ƙarfe a kansa. Fallen waje ake fara cirewa. A nan za ka ga gaskiyar magana: laka ta daskare a ciki, wani lokaci har cikin tafin hannu biyu, da ɓawon tsatsa jere-jere. A kwashe, a kankare, a sake gwada fallen ciki da gindin ginshiƙai da gefen daɓe da sukundireba. Gyara daga ciki yake farawa ya fito waje: fallen ciki da daɓe tukuna, sai ƙarfen tsakiya da gindin ginshiƙi, fallen waje a ƙarshe.

Wane ƙarfe za a sa? In ka sami yanki daga irin motar a wurin masu yanka motoci, ya fi sauƙin dacewa, amma ka haska tocila cikinsa kafin ka biya, don sau da yawa shi ma ciwon ɗaya gare shi. In ba a samu ba, a sayi sabon farantin ƙarfe a lanƙwasa. A auna kaurin na asali a wurin da bai ci ba, a sayi daidai da shi. Galibi fallen waje yana tsakanin milimita 1 da 1.2, na ciki da ƙarin tsakiya kuwa 1.5 zuwa 2. Kwanon rufi da jikin tsohon firiji da gwangwanin fenti duk sun yi siranta, ba su da wuri a nan. Wanda ya yi kauri fiye da kima shi ma matsala ne, don kafin ya narke, siririn da ke gefensa ya ƙone. A yanka kwali a fitar da siffar daga gefen da ke da lafiya, a kai wa masu ƙera ƙofofin ƙarfe da ke da injin lanƙwasa, za su fitar da doguwar kusurwa miƙaƙƙiya wadda guduma ba za ta iya ba. In farantin mai rufin zinki ne, a goge zinkin daga bakin da za a yi walda, kuma a yi aikin a sarari, don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Akwai wata hanya da masu motocin daji ke bi, musamman masu Land Rover Discovery: a cire dokin ƙofar gaba ɗaya a sa fayif mai kusurwa huɗu, kamar milimita 100 da 50 ko 60, kauri 2 zuwa 3. Ga motar gona mai shasi daban, wadda dokinta ya ruɓe daga farko har ƙarshe, ina ganin hanya ce mai kyau, tana jure dukan kututture da dutse. Sharaɗinta a haɗa gindin ginshiƙai da gefen daɓe da fayif ɗin sosai, a toshe bakunansa biyu, a huda masa kafofin ruwa. Ga ramin da bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, babu buƙatar wannan. Ga mota marar shasi kuma ban ba da shawararta ba.

Sai walda, inda aiki ke kyau ko ya ɓaci. Mafi yawan fanel bitocinmu da kabaid suke aiki. Wutarsa tana bazuwa da faɗi, tana murɗe siririn ƙarfe, tana ƙone duk wani fenti da ke cikin akwatin, sannan wasu suna liƙi da jan ƙarfe ko farin waya, wanda ya fi kusa da manne fiye da narkar da ƙarfe biyu su zama ɗaya. Ƙwararre yana iya yin facin fallen waje da kabaid da wayar ƙarfe ya yi kyau, amma a gindin ginshiƙi da mazaunin jiki kada a yi liƙin jan ƙarfe. Wanda ya fi dacewa shi ne injin MIG mai waya da iskar CO2, da waya mai kaurin milimita 0.6 ko 0.8. In da akwai mai shi a gari, ya cancanci a neme shi ko da ya fi tsada. A kula dai: iska tana kore gas ɗin da ke kare waldar, ta fito da ƙananan ramuka, don haka a yi shinge in ana iskar hunturu, kuma kada a kunna fanka a kan aikin. In waldar lantarki ta sanda kawai ake da ita, a nemi ƙaramin injin inbata da sanda 6013 mai kaurin milimita 1.6 ko 2, a rage wuta ƙasa sosai. Sanda geji 10 da 12 da ake ƙofar gida da su za su huda fallen mota nan take.

Ko da wane inji, a fara gwaji a kan guntun farantin har a sami wutar da ke narkewa ta bayyana a baya ba tare da ta huda ba. A haɗa sabo da tsoho baki da baki, da 'yar tazara kamar milimita 1. Ɗora sabo a kan tsoho ya fi sauƙi, shi ya sa ake yawan yinsa, amma tsakanin fallayen biyu ruwa ke maƙalewa, tsatsar gaba daga nan za ta taso. A ɗiga walda kowane santimita 5, a rufe ƙofofi a duba tazara ta yi daidai da abin da aka rubuta, sannan a riƙa cike tsakani da ɗigo ɗaya nan, ɗaya can nesa, ana barin ƙarfe ya huce har hannu ya iya taɓawa. Jan dogon layi a tashi ɗaya shi ke lanƙwasa falle ya yi tudu da kwari. Kada a watsa ruwa don saurin hucewa. In wuri ya huje, a kara guntun tagulla a baya a cike, walda ba ta kama tagulla. A leɓen sama da na ƙasa, a huda sabon fallen ramuka na milimita 7 zuwa 8 kowane santimita 3, a matse fallayen da filaya mai kulle har babu tazara, a cike kowane rami da walda tun daga fallen baya. Wannan shi ne madadin ɗigon kamfani. Bayan an gama a goge kan waldar kawai, kada a cinye ƙarfen gefenta, sannan a haska tocila ta baya a cikin duhu: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai shiga, a koma a cike.

Rabin aikin yana nan gaba, kuma shi ne rabin da ba a gani, shi ya sa ake ha'inci a cikinsa. Kafin a rufe fallen waje, a goge cikin akwatin, a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik a sauran wuraren da burushi bai kai ba, a bar shi ya bushe, a shafa firaima ta ifokzi mai haɗi biyu a ciki da kuma bayan sabon fallen. A leɓunan da za a yi walda a fesa firaima mai zinki wadda aka yi don walda, don ifokzi yana ƙonewa ya ɓata waldar. Bayan an rufe, a huda kafofin ruwa na milimita 8 zuwa 10 a mafi ƙasan akwatin, gaba da tsakiya da baya. A wanke waje da tina, a fesa ifokzi a ranar, kada tsiraran ƙarfe ya kwana. A bi duk layin haɗi da gam ɗin jikin mota na foliyuritan. Silikon ɗin gilashin gida mai warin tsami yana fitar da asid, yana jawo tsatsa, fenti kuma ba ya kama shi. Yanzu ne fila ke da amfani: shafi siriri, kada ya wuce milimita 2 zuwa 3, don ɓoye layin walda. Sai baƙin fenti mai kauri na kare dukan tsakuwa a ƙasa, sai launin mota. Shi baƙin nan a kan lafiyayyen fenti ake sa shi. In aka fesa shi kan tsatsa, rufe ta kawai ya yi tana ci a ƙarƙashi.

Na ƙarshe shi ne kakin cikin akwati, wanda ake fesawa da dogon siririn tiyo ta kafofin ruwa da ramukan robobi, kamar rabin lita kowane gefe, har sai ya fara ɗiga ta ƙasa. Shi ke rufe bayan waldar, inda wuta ta ƙone firaima kuma hannu ba zai sake kaiwa ba. A yi shi bayan fenti ya bushe, da tsakar rana motar ta ɗauki zafi, don zafin Sakkwato yana tsinka kakin ya ratsa cikin haɗi. In ba a samu ba, sabon man giya da aka dama da ɗan giris ya fi babu, sai dai a riƙa sabunta shi duk shekara. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙonuwa, yana lalata roba, kuma yana tsiyayewa da wuri. Bayan an zuba kaki ko mai, babu sauran walda a wurin, don yana kamawa da wuta. A sake zura waya a kafofin a tabbatar kakin bai toshe su ba.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙura ta yi ƙarfi. In dole sai a bazara, a yi fenti da sassafe kuma a riƙa haɗa ifokzi kaɗan-kaɗan, don a zafin da ya haura digiri 40 yana daskarewa a kofi kafin a gama. Aikin ƙwarai yana cin kwana biyu zuwa uku kowane gefe, ban da bushewar fenti. Ka yi ciniki da mai gyaran a kan za ka biya shi kashi uku, kuma ka ce a kira ka sau biyu: bayan an yanke an kankare, da kuma kafin a rufe fallen waje. Ka ɗauki hoto kowane mataki, zai yi maka amfani ranar sayarwa.

In mota ta dawo hannunka, duk ranar da ka fito daga fadama a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, a zura waya a kafofin nan, musamman kafin faɗuwar damina da bayanta. Ka shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, kuma ka hana masu wanki kwarara ruwa a kan kafet. Masu facin taya kuma ka nuna musu shasi ko aksul su kafa jak a can, don in suka kafa a leɓen dokin ƙofa zai lanƙwashe, fenti ya tsage, kafar ruwa ta matse.